Shekara guda a shagon sola kafin jami'a

TAMBAYA: Kawu, barka da aiki. Bana na samu bak D, wato shaidar kammala sakandare ta fannin kimiyya. Burina in karanta lantarki, amma Baba ya ce aljihu ba zai ɗauka ba sai baɗi. Wani mai haɗa sola kusa da Kasuwar Dole ya yarda in zama yaron shagonsa. Inna kuwa ta ƙi, wai in na ɗanɗana kuɗi na yi sallama da boko ke nan. Me ka gani?
Ɗanka daga Garin Malam, Damagaram

AMSA: Ɗana, ka je. Amma kada ka kai kanka.

Ina saurayi na yi wata bakwai a shagon wani tela a Zango. Abin da na ƙware a kai shi ne hura gawayin dutsen guga da sayo shayi. Keken ɗinki kuwa ban hau ba sai ranar da maigida ya tafi jana'iza. Ba mugunta ba ce; a lissafinsa yaron shago shekaru yake yi, to saurin me? Kai wata goma sha biyu gare ka. Don haka Babanka ya ɗauki goro ya kai ka da kansa, ya gaya wa mutumin baɗi za ka koma karatu, a riƙa fita da kai wurin aiki, kada a bar ka gadin shago.

A kan rufin mutane ake koyon sola. Can za ka ga yadda ƙurar hunturu ke rage wa fanel, wato farantin sola, ƙarfi, da yadda zafin Afrilu ke cinye batirin da aka ajiye a ɗakin kwano. Tun a lise ka san batir biyu masu bolt 12 in an jera su 24 suke bayarwa, amma sai ka riƙe wayar da hannunka, mai gida na tsaye a kanka yana jiran firijinsa ya tashi, sannan karatun zai zauna. Ka riƙa rubuta kowane aiki: fanel nawa, wat nawa, me ya lalace.

Tsoron Inna ba na banza ba ne. Ranar da aka damƙa maka jaka biyar ta yini guda, ƙafarka za ta yi nauyin komawa aji. Inna za ka riƙa ba ajiya, a tara na rajista.

Kafin ka shiga shagon, ka tuntuɓi Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, inda ake koyar da lantarki, ka ji yadda suke karɓar wanda bak ɗinsa ya shekara. ANAB ma, hukumar da ke ba ɗalibai burs, wato tallafin karatu, ka tambaye su makomar naka. Littafin lissafi kuma ya kwana kusa da matashinka, ko dare biyu a mako ka buɗe shi.

Ka gaida mini Inna, ka karanta mata wannan.