Tambaya da amsa: Makanike ya ce injekta, kwamfuta ta ce sensa, wa zan bi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da mota ƙirar Japan ta 2008, 'yar Kwatano. Wata biyu ke nan tana shan mai kamar tanki ya huje, da safe tana rawa a silo (inji na aiki ba a taka totur ba), fitilar inji kuma ta ƙi mutuwa. Makanikena ya ce a canja injekta duka huɗu, wani yaro da ya jona mata kwamfuta ya ce sensa ce. Ni da Fijo 504 na girma, kafireta na sani. Me injekta take yi, kuma me ya haɗa mota da kwamfuta? Daga wani direba a Zariya.

Amsa: Alhaji, kada ka saya tukuna. Bari mu fara daga inda ka sani. A kafireta, iskar da fistin yake zuƙowa ita ce take jan fetur ta wani ɗan siririn rami, shi ya sa makanike yake iya daidaita ta da sukudireba yana sauraron inji. A motarka babu wannan. Akwai famfon lantarki a cikin tanki da yake turo fetur ta cikin tiyo zuwa wani bututun ƙarfe da ke kwance a kan inji, ya matse shi da ƙarfin ba 3 zuwa 4 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne). Iskar da mai faci yake sa wa tayarka ba ta cika wuce ba 2 da rabi ba, ka ga matsin ba kaɗan ba ne. Injektocin a jikin bututun nan suke, kowace silinda da tata.

Ita injekta ƙofa ce kawai. A cikinta akwai wata allura da sifirin yake dannewa ta toshe baki, da kuma naɗin waya kewaye da ita. Da wuta ta shiga naɗin sai ya zama maganaɗisu ya ɗaga allurar, fetur ya fito ta ƙananan huji a matsayin feshi, kamar na kwalbar turare. Da an yanke wutar, sifirin ya mayar da allura. Feshin nan shi ne amfaninta, don fetur ba ya cin wuta da kyau sai ya gauraya da iska.

Abin da akasarin mutane ba su lura da shi ba shi ne, injekta ba ta da ƙarami ko babban buɗi. Ko dai a buɗe take ko a rufe. Yawan man da zai shiga ya dogara ne ga tsawon lokacin da ta yi a buɗe, kuma lokacin nan da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ake auna shi. A silo ba ta wuce kashi biyu zuwa huɗu cikin dubun nan. Idan ka taka totur inji yana juyi 3,000 a minti, kowace injekta tana buɗewa sau 25 a daƙiƙa guda. Babu hannun ɗan Adam da zai iya wannan lissafi, shi ya sa aka sa ƙaramar kwamfutar da makanikai suke kira ƙwaƙwalwar mota. Ba sabon abu ba ne ma: tun 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya sa irin wannan tsari na lantarki a Volkswagen 1600.

Burin ƙwaƙwalwar shi ne kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na fetur. Amma ba ta gani da ido, abin da sensoci suka faɗa mata shi take bi. Ɗaya tana auna iskar da ke shiga, ɗaya tana kallon juyin karanshaf, wata tana auna zafin ruwan inji, wata kuma tana jikin salansa tana shinshina hayaƙi don ta faɗa ko man ya yi yawa. Idan ɗaya daga cikinsu ta yi ƙarya, ƙwaƙwalwa za ta tsawaita lokacin buɗi, lafiyayyar injekta kuma ta yi biyayya ta zuba man. Sai a ɗora mata laifi, alhali ita 'yar aike ce.

Ka tambayi makanikenka abu ɗaya: an cire tamostat ɗin motar, wato abin da ke tare ruwan inji kada ya je lagireto sai injin ya ɗau zafi? Al'ada ce a garejojinmu a cire shi, a haɗa fanka kai tsaye, wai don zafin ƙasarmu. Inji sai ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwa kuma ta ci gaba da ƙara mai kamar yadda ake jan cok da safe a 504. Wannan kaɗai ya isa ya cinye maka aljihu.

Injekta tana lalacewa, ba na musu. Dattin man bumburutu yakan toshe hujinta, allura takan gaji ta riƙa ɗiga bayan an kashe mota. Amma huɗu su mutu rana ɗaya, da wuya. A cire su a gwada a injin gwaji, a ga ko suna fesa mai daidai da juna. Sau da yawa wanki da sababbin robobi sun wadatar. A kula: matsin mai yana nan a bututun ko an kashe mota, a sauke shi kafin a kwance, nesa da wuta.

Tambaya: Malam, gaskiya ne ana iya duba mota da waya? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Amsa: Gaskiya ne, 'yar'uwa. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 duk suna da wani soket mai huji 16 a ƙarƙashin sitiyari, ana kiransa OBD-II, kuma yawancin motocin da ke titunanmu yanzu suna da shi. Akwai wata 'yar na'ura mai suna ELM327 da ake soka masa, ta haɗu da waya ta Bluetooth, sai ki buɗe manhaja irin Torque, ta nuna miki lambobin matsalar da ƙwaƙwalwar motar ta ajiye. P0172 tana nufin mai ya yi yawa, P0171 ya yi kaɗan, P0201 matsala a wayoyin injekta ta ɗaya, P0128 ruwan inji ba ya kai zafin da ake so. Lambar tana nuna unguwar da matsala take ne, ba gidan ba, don haka kada ki goge ta kafin makanike ya gani. Jabun wannan na'urar sun cika kasuwa, a gwada a jikin mota kafin a biya.

Tambaya: Injektar motar gas (dizal) da ta fetur ɗaya ne? Daga mai motar haya a Kano.

Amsa: A'a. Injin gas ba shi da fulogi, ana fesa man ne kai tsaye cikin iskar da matsi ya zafafa, sai ya kama da kansa. A tsarin zamani, wanda ya fara shiga ƙananan motoci da Alfa Romeo 156 a 1997, matsin yanzu yakan kai ba 2,000. Feshin yana iya huda fata ya shiga nama, don haka kada yaron gareji ya nemi inda yake yoyo da yatsa.