Amsoshin Tambayoyinku: Fayil ya dawo a birkice, me zan saya?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Zariya, ina aikin kammala karatu da yaren C na rubuta firogiram. Na adana bayanan ɗalibai da fwrite, amma idan na rufe firogiram na sake buɗewa, lambobi suna nan daidai, sunaye kuwa sun zama shirme. Lokacin miƙa aiki ya matso. Ko in roƙi Baba ya saya mini sabuwar kwamfuta?

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki, kwamfutarki lafiyarta ƙalau, ki bar wa Baba kuɗinsa. Ina kyautata zaton a cikin struct ɗinki, wato tsarin da ke haɗa bayanan kowane ɗalibi wuri guda, kin rubuta char *suna. To abin da ke zaune a wurin adireshi ne na inda sunan yake a cikin RAM, ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, shi kuma fwrite, umarnin rubutu a fayil, adireshin kawai ya kwashe ya zuba a fayil. Da kika rufe firogiram, adireshin ya tashi daga aiki. Ki mayar da shi char suna[50], ko ki rubuta tsawon sunan tukuna sannan haruffansa su biyo baya. Idan Windows kike amfani da shi, ki buɗe fayil da "wb" wajen rubutu, "rb" wajen karatu, domin "w" kaɗai yana sauya alamar ƙarshen layi, ya ɓata miki lissafi. Gyaran yini ɗaya ne, in sha Allahu.

Tambaya: Bayani na ƙarshe yana fitowa sau biyu idan na karanta fayil. Wani ya ce zai sayar mini da kwamfaila ta asali wadda ba ta yin haka. Nawa ya kamata in biya?

Amsa: Ko sisi! GCC, kwamfaila mai mayar da rubutun C ya zama firogiram, kyauta ne, kuma laifin ba na kwamfaila ba ne. Ina kyautata zaton abin da ka rubuta shi ne while (!feof(f)), shi kuwa feof ba ya cewa an kai ƙarshe sai bayan karatu ya riga ya gaza. Rubuta while (fread(&d, sizeof d, 1, f) == 1), magana ta ƙare. Ka kuma daina sauraron mutumin nan.

Tambaya: Ina da shagon kayan masarufi. Ƙanena ya rubuta mini firogiram da C na ajiye sunayen masu bashi, muna adanawa a filash mai 128GB da na samu da araha. Yanzu wasu fayilolin sun koma babu komai a ciki. Shi ne bai iya ba?

Amsa: Alhaji, kafin ka zargi yaron nan, ka zargi filashin. Nan ne nake son masu karatu su buɗe kunne, domin jabun filash ya cika kasuwa, mutane kuma suna ta saye don an rage musu 'yan nairori. Kowa ya san abin da filash mai kyau ke kaiwa yanzu. Idan aka miƙo maka mai 128GB a kan kuɗin mai 8GB, me ka zaci aka sayar maka?

Ga yadda ake haɗa damfarar. Ana gyara ƙwaƙwalwar da ke cikin filashin ta riƙa gaya wa kwamfuta girman ƙarya. Da farko komai na tafiya daidai, tunda wurin gaskiyar bai cika ba. Da zarar ya cika, abin da aka ƙara zubawa ko dai ya ɓace, ko ya hau kan na baya ya shafe shi. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne fwrite zai ce ya rubuta, fclose zai ce ya rufe lafiya, sunan fayil yana nan da girmansa, amma ciki fayau. Firogiram ba shi da hanyar ganewa sai ya sake karanta abin da ya rubuta. Kamar buhu ne mai huji a gindi, kana ta awo kana zubawa. Kuma a nan dukiyar mutum ce ke zuba, bashin da babu wata shaidarsa sai wannan fayil.

Kada kwali mai sheƙi ko sunan babban kamfani ya ruɗe ka, duk ana bugawa. Gwaji kaɗai ke raba gardama: H2testw a Windows, ko F3 a Linux, duka kyauta. Suna cika filashin maƙil sannan su karanta su gani ko abin ya dawo daidai. Yana iya cin sa'o'i, don haka ka yi sharaɗi da mai shago tun kafin ka biya cewa za ka dawo da shi idan ya faɗi. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi, bar masa kayansa.

Shi kuma ƙanenka yana da nasa aikin. Buɗe fayil da "w" yana share tsohon abin da ke ciki nan take, to idan aka ɗauke wuta a daidai lokacin, an rasa tsoho da sabo. Ya riƙa rubutawa a wani fayil na wucin gadi, ya duba amsar fwrite da ta fclose, sai komai ya yi daidai sannan ya maye gurbin tsohon da shi. Asalin fayil ya zauna a kwamfuta, filash ya zama kwafi na biyu, kada kuma a fizge shi sai an sallame shi daga kwamfutar. Sunayen da suka rage, ka kwafe su a littafi yau ɗin nan kafin a sake zuba komai a filashin.