Shin "ba a ihun gobara a gidan kallo" doka ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk sanda aka yi gardama kan 'yancin faɗin albarkacin baki, sai wani ya ce ai ko a Amurka doka ta hana mutum yin ihun "gobara!" a gidan kallo mai cike da jama'a, don haka hukuma na iya hana duk maganar da ta ga tana da haɗari. Malam, haka dokar ta ce? Kuma ina iyakar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Maganar tana da asali, amma ba doka ba ce, kuma yadda ake kawo ta an gutsure mafi muhimmancin sashenta.

Mai maganar shi ne Oliver Wendell Holmes, alƙali a Kotun Ƙolin Amurka, a hukuncin shari'ar Schenck na watan Maris 1919. Abin da ya rubuta shi ne, duk ƙarfin kariyar da ake ba magana, ba za ta kare wanda ya yi ihun gobara na ƙarya a gidan kallo har ya jawo firgici ba. Sharuɗɗa biyu ke nan: a yi ƙarya, kuma firgici ya auku a sanadinta. Masu maimaitawa sun yar da duka biyun, suka ƙaro "mai cike da jama'a" wanda babu shi a rubutun. In da gaske wuta ta kama, ai wanda ya yi ihu ceto ya yi.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne shari'ar kanta, domin babu gobara a cikinta, babu gidan kallo. Charles Schenck sakataren jam'iyyar masu ra'ayin gurguzu ne a Filadelfiya. Lokacin yaƙin duniya na ɗaya an buga takardu kusan 15,000 masu kira ga matasa su ƙi tilasta musu shiga soja, aka gurfanar da shi ƙarƙashin dokar leƙen asiri ta 1917. Alƙalai tara duka suka tabbatar da ɗaurinsa. Bayan mako guda kotun ta sake tabbatar da ɗaurin shekara 10 kan Eugene Debs, wani jagoran masu ra'ayin gurguzu, saboda jawabin da ya yi a Ohio yana sukar yaƙin. Debs ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1920 daga gidan yari, ya samu ƙuri'a sama da 900,000. Wato misalin gobarar an kawo shi ne don halasta ɗaure masu sukar gwamnati, kuma mai kafa hujja da shi ya kamata ya san haka.

A wajen lauyoyi akwai bambanci tsakanin hujjar da hukunci ya tsaya a kanta da maganar da alƙali ya yi a gefe don fahimtarwa. Ta gefen ba ta ɗaure wata kotu. Ihun gobara na gefe ne. Ainihin ma'aunin da Holmes ya kafa shi ne ko maganar na haifar da haɗari bayyananne kuma na kusa. Shi kansa, a watan Nuwamba na wannan shekarar, ya saɓa wa rinjayen abokan aikinsa a shari'ar Abrams, ya goyi bayan wasu masu raba takardu.

Ma'aunin da ake aiki da shi yau ya fito ne a 1969, a shari'ar Brandenburg, wani jagoran ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan a Ohio. Kotu ta soke hukuncin da aka yi masa, ta ce kafin a hukunta mutum da laifin tunzura jama'a sai abu uku sun haɗu: maganar ta nufi ingiza mutane su karya doka, karya dokar ya zama na nan take, kuma akwai yiwuwar hakan ya faru da gaske. Ɗaya ya faɗi, tuhuma ta faɗi. Sharaɗin "nan take" ne ke yawan kayar da masu gabatar da ƙara. A shari'ar Hess ta 1973, wani mai zanga-zangar ƙin yaƙi ya ce za su mamaye titi daga baya, kotu ta ce "daga baya" ba yanzu ba ne, aka wanke shi.

To wanda ya yi ihun gobara na ƙarya fa? Ana iya hukunta shi, amma da dokoki na musamman: ba da sanarwar haɗari ta ƙarya, tada hankalin jama'a, da ɗaukar alhakin rayukan da suka salwanta. Haɗarin kuwa ba ƙage ba ne. A 1913 a garin Calumet na jihar Michigan, wani ya yi irin wannan ihu a wajen bikin jajiberin Kirsimeti, mutum 73 suka mutu a turmutsitsin matakala, akasarinsu yara, alhali babu wuta.

Sauran iyakokin ma ƙididdigaggu ne, ba buɗaɗɗiyar ƙofa ba. Akwai barazana ta gaske, zamba, rantsuwar ƙarya a kotu, da ɓata suna. A ɓata suna, tun shari'ar Sullivan ta 1964, jami'in gwamnati ba ya cin nasara sai ya nuna cewa wanda ya wallafa ya san ƙarya ce, ko kuma da gangan ya ƙi damuwa da gaskiyarta. Kuskure kawai bai isa ba.

Wata maganar da ake yaɗawa ita ce "kalaman ƙiyayya ba su da kariya". A Amurka wannan ba daidai ba ne. Kotun Ƙoli ta sake jaddada hakan a shari'ar Matal ta 2017. A Jamus kuwa musanta kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa laifi ne, kuma sashe na 20 na yarjejeniyar duniya kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa ta 1966 ya buƙaci ƙasashe su haramta yaɗa ƙiyayyar da ta kai ga tunzurawa. Amurka ta yi togaciya kan wannan sashe da ta amince da yarjejeniyar a 1992. Saboda haka hukuncin kotun Amurka ba ya zama hujja a wata ƙasa, sai an duba kundin tsarin mulkinta.

Ka kuma kula da wanda ke hana maganar. Gyaran farko na tsarin mulkin Amurka, na 1791, wanda ke kare 'yancin faɗin albarkacin baki, gwamnati ya ɗaure wa hannu. In Facebook ya goge rubutunka ko jarida ta ƙi buga wasiƙarka, ba a keta wannan gyaran ba.