Amsoshin Tambayoyinku: Kamfanin kirifto ya nuna mini lasisi, in zuba kuɗina?

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan mako, duk a kan manhajojin saye da sayar da kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet irin su bitcoin, masu cewa suna da lasisi. Ta farko ce za ta fi cin wuri, domin ita ce uwar sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da shadda a babbar kasuwar Garwa. Ɗan ƙanena ya saka mini wata manhaja a waya, ya ce in riƙa ajiye ribata a can cikin bitcoin. Ya nuna mini takarda mai hatimi, ya ce kamfanin na da lasisi, babu abin tsoro. Ina da sefa miliyan 2 da ba zan taɓa ba sai bayan damina. In zuba? Daga wani Alhaji a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Kafin ka fitar da ko dala, kira yaron nan ya sake buɗe takardar, ku duba tare wane ne ya ba da ita. A nan ne yawancin mutane ke tuntuɓe.

Kwanakin baya wani maƙwabcina tela ya miƙo mini wayarsa da irin wannan takarda, da zinare-zinare a gefe da tambari biyu. Na ja hoton da yatsu ya ƙara girma, sai ga lambar RCCM a ƙasa. Rajistar kasuwanci ce kawai, irin wadda kai ma kake da ita a shagonka tare da lambar haraji. Tana nuna an buɗe kamfani, amma ba ta ba kowa ikon karɓar ajiyar jama'a. Wasu kuma sukan nuna takardar Amurka mai ɗauke da haruffan MSB, wato rajistar masu hidimar kuɗi, daga FinCEN, hukumar Amurka mai yaƙi da laifukan kuɗi, su ce ai Amurka ma ta yarda da su. Wannan fom ne da kamfani ke cikewa da hannunsa, kuma ita FinCEN ɗin da kanta ta rubuta a shafinta cewa ganin suna a jerin ba shaida ba ne na amincewarta da kamfanin.

A ƙasashenmu shida na CEMAC, wato Kamaru, Chadi, Gabon, Kwango, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari ita ce COSUMAF, mai mazauni a Libreville. Dokar da aka zartar a watan Yulin 2022 ce ta sa masu hidimar kadarorin dijital irin su kirifto a ƙarƙashinta, a Faransanci ana taƙaita sunansu da PSAN. Don haka in kamfani ya ce yana da izinin yin wannan sana'a a nan, COSUMAF za a tambaya. A shiga shafin hukumar, a nemi sunan kamfanin harafi da harafi. Hoton da kamfani ya turo ta WhatsApp, kowane yaro mai kwamfuta zai iya haɗa irinsa kafin a kira la'asar.

To, mu ɗauka lasisin na gaske ne. Me ya rufe?

Kai ɗan kasuwa ne, ka san kasuwar shanu ta Adumri ko ta Bogo. Baƙo in ya kawo garke, wurin mai gida yake sauka, a haɗa shi da dillalin da sarkin kasuwa ya sani. Amfanin hakan shi ne an san gidan dillalin, an san iyayensa, in ya gudu da kuɗin sā akwai inda za a kai ƙara. Amma in ka sayi shanu yau, kasuwa ta karye mako mai zuwa, sarkin kasuwa ba zai cika maka ko sisi ba. Lasisi ma iyakarsa ke nan. A Tarayyar Turai, inda dokar kirifto mai suna MiCA ta fara aiki gaba ɗaya ranar 30 ga Disamba 2024, ana bincikar su wane ne shugabannin kamfani, ana tilasta masa ajiye wani jari nasa, ya ware dukiyar abokan ciniki daga tasa, ya tantance masu buɗe asusu, ya kuma tanadi hanyar sauraren koke. Duk wannan abu ne mai kyau, kuma ni da kaina ba zan ba kowa shawarar hulɗa da kamfanin da ba shi da ko ɗaya daga ciki ba. Sai dai babu layi guda a ciki da ya yi alkawarin farashi.

Farashin kuwa ba ya jin kunyar kowa. A Nuwamba 2021 bitcoin ya kai wajen dalar Amurka 69,000. Shekara guda bayan haka ya faɗo ƙasa da 16,000. Wanda ya zuba miliyan 2 irin taka a wancan lokaci, ya buƙaci kuɗinsa bayan shekara, kusan dubu 500 zai tarar. Daga baya farashin ya tashi har ya wuce na da, gaskiya ne, amma mai jiran kuɗin sarin kayan sallah ba shi da shekaru biyu na jira.

Sai batun kamfanin kansa in ya durƙushe. Kuɗin da ke banki a yankinmu akwai asusun FOGADAC a bayansu, wanda ke biyan mai ajiya har sefa miliyan 5 in banki ya rushe. Bitcoin ɗin da ke cikin manhaja ba ya cikin wannan lamuni. Ka tuna FTX, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin kirifto na duniya. Yana da rajista a tsibirin Bahamas, ya rushe a Nuwamba 2022 da giɓin kuɗin jama'a na kusan dala biliyan 8, aka yanke wa mai shi, Sam Bankman-Fried, shekara 25 a kurkuku a 2024. Hukunci ya hau kansa, amma masu ajiya sun yi shekaru suna jiran kotu.

Abu na ƙarshe da ya fi damuna game da mu mutanen Garwa da Marwa: lasisin wata ƙasa na mutanen waccan ƙasar ne. Sau da yawa babban kamfani yana da rassa da dama, ɗaya mai lasisi a Faransa, wani a can wani tsibiri, kuma kai da ka yi rajista da lambar Kamaru, reshen tsibirin ne ka ƙulla da shi. Sunan reshen na nan a cikin doguwar yarjejeniyar da kowa ke danna "na yarda" bai karanta ba. Sa yaron ya nemo shi. In rigima ta tashi, can za a ce ka kai ƙara.

Shawarata, Alhaji, miliyan 2 nan jarin shago ne, ka bar su inda suke. In zuciyarka na son gwadawa, ɗauki abin da in ya salwanta ba zai hana ka barci ba, dubu 50 misali, ka saya, ka sayar, ka ga kuɗin sun dawo cikin Orange Money ko MoMo ɗinka. Kuma asusun ya zama da sunanka da katin shaidarka, lambar sirri a kanka kaɗai, ko da yaron na kirki ne.

Tambaya: Malam, ni ce uwar adashin mata 20 a unguwarmu a Marwa. Wata ƙawata ta ce akwai kamfanin kirifto mai lasisi da ke ba da ribar kashi 15 cikin ɗari duk wata. Ta ce in juya kuɗin adashi kafin ranar kwasa. Me ka gani?

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki yi. Kuɗin nan amana ne, ba naki ba ne balle ki gwada sa'a da su. Ki lissafa da kanki: kashi 15 duk wata, in ana mayar da riba cikin uwa, dubu 100 za su zama fiye da dubu 530 a shekara. Wace sana'a ce ke haifar da haka, har mai ita ya zo unguwa yana roƙon mata su kawo? Kamfanin da ke da lasisin gaske dillanci yake yi, ya haɗa mai saye da mai sayarwa ya ɗauki la'adarsa. Wanda ya yanka miki riba tabbatacciya, ya ƙara da tukuici in kin kawo wasu, da kuɗin na baya yake biyan na gaba. Mun ga yadda kuɗin jama'a suka maƙale a kamfanin kirifto na Liyeplimal nan Kamaru, maƙwabtanmu na Najeriya kuma sun sha ta wani irinsa mai suna CBEX a Afrilun 2025. Ƙawarki wataƙila da zuciya ɗaya take faɗa miki, don ana biyanta a yanzu. Ki ja ta gefe ki ce ta cire uwar kuɗinta tun ana bayarwa.

Tambaya: Yaya, ina Kuseri, ina sayar da kayan gyaran waya nan da Njamaina. Mai ba ni kaya a Chaina ya ce in biya shi da kuɗin kirifto na USDT. Na je banki suka ce ba sa taɓa wannan harka. Me ya sa, kuma yaya zan yi?

Amsa: Ƙanena, bankin umarni yake bi. Ranar 6 ga Mayun 2022, jim kaɗan bayan Afirka ta Tsakiya ta ayyana bitcoin a matsayin kuɗin ƙasa, hukumar kula da bankuna ta COBAC ta hana bankuna da ƙananan cibiyoyin ba da rance da kamfanonin biyan kuɗi riƙe kirifto ko canja shi, don kansu ko don wani. Shi ya sa masu saye ke bi ta hannu da hannu: ka tura wa wani mutum sefa ta waya, shi ya sakar maka USDT a cikin manhaja.

Ka gane cewa lasisin manhajar, ko da akwai shi, bai rufe wannan mutumin ba. Abin da ke kare ka kawai shi ne manhajar ta riƙe USDT ɗinsa har a gama ciniki. Don haka duk wanda ya ce ku fita ku ƙarasa a WhatsApp don ya rage maka farashi, rabu da shi. Ranar da kai ne mai sayar da USDT, kada ka sake shi don ka ga saƙon tes, ana ƙirƙirarsa. Buɗe asusunka na Airtel Money ko Orange Money ka ga kuɗin da idonka. USDT da dalar Amurka aka ɗaure shi, sefa kuwa da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, don haka farashinsa a sefa zai riƙa motsi, ka sa wannan a lissafin ribarka.

Akwai kuma dokar canjin kuɗi ta CEMAC: kayan da za a shigo da su in sun kai sefa miliyan 5, ta banki ake buɗe musu fayil a biya. In sarinka ya kai nan, koma bankin ka bi hanyar, don takardun ne za su fitar da kai a kwastan. In ƙaramin sari ne ka ga sai USDT, tambayi mutumin Chaina a kan wace hanyar tura kirifto adireshin asusunsa yake, wadda ake kira TRC20 ko wata, ka fara tura masa dala 5, ya tabbatar maka sun iso, sannan ka tura sauran.