Tambaya da Amsa: Na harhaɗa wxPython lafiya, amma ya ƙi tashi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon rubuta manhaja mai tagogi da maɓallai da Python, a kwamfuta mai Fedora, wani nau'in Linux. Na sauko da tushen wxWidgets 3.2, laburaren da ke zana tagogi da maɓallai, na yi configure da make da make install, babu kuskure ko ɗaya. Na harhaɗa wxPython, mai haɗa Python da wxWidgets, a kansa da --use_syswx, zaɓin da ke sa ya yi amfani da wxWidgets ɗin da ke kan kwamfutar, shi ma ya kammala. Amma ina rubuta import wx sai ga wannan: "libwx_gtk3u_core-3.2.so.0: cannot open shared object file: No such file or directory". Abin da ya ɗaure mini kai, fayil ɗin yana nan a /usr/local/lib, na gan shi da idona. Wani abokina ya ce akwai tsohon na 3.0 a /usr/lib64, wai in laƙaba masa sunan sabon kawai. In yi hakan? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Wa alaikumus salam. Kada ka yi. Abokinka yana so ya kuɓutar da kai daga gidan gara ne ya kai ka gidan zago. Lambar da ke jikin sunan fayil ɗin ba ado ba ce, ita ke shaida cewa tsarin cikinsa ya dace da abin da aka harhaɗa a kansa. In ka ba wa 3.0 sunan 3.2, saƙon zai ɓace, sai wani ya maye gurbinsa mai cewa "undefined symbol", ko kuma manhajar ta riƙa mutuwa babu bayani, wanda ya fi wuyar bincike nesa ba kusa ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Wanda ya nemo laburaren lokacin harhaɗawa daban ne da wanda ke nemo shi lokacin da manhajar za ta tashi. Na farkon ya tambayi wx-config, ƙaramar manhajar da ke faɗin inda aka girka wxWidgets, aka gaya masa ya duba /usr/local/lib, ya samu. Na biyun shi ne ld.so, mai loda laburare a Linux, kuma ba ya tambayar wx-config komai. Yana da wuraren da yake dubawa bi da bi: abin da ke cikin LD_LIBRARY_PATH (jerin foldoji da mai kwamfuta kan saita da kansa), sai hanyar da aka dasa a jikin fayil ɗin mai suna RUNPATH, sai rajistarsa ta /etc/ld.so.cache, daga ƙarshe /lib64 da /usr/lib64. Debian da Ubuntu suna zuwa da /usr/local/lib cikin jerin wuraren da ake yi wa rajista. Fedora ba ta sa shi. Shi ya sa kai kana ganin fayil ɗin, shi ld.so ba ya ganinsa.

Kafin ka taɓa komai, tambayi fayil ɗin da kansa. Shiga foldar wx, za ka ga wani mai suna da ya fara da _core ya ƙare da .so. Rubuta ldd da sunansa. Zai jero duk laburaren da yake buƙata da inda aka samo kowanne, waɗanda aka rasa kuma an rubuta "not found" a gabansu. Karanta jerin har ƙasa, don Python na farkon da ya rasa kawai yake faɗa maka, ya yi shiru da sauran. Ka kuma lura da waɗanda aka samu ɗin ma: in wani libwx ya fito daga /usr/lib64 wani daga /usr/local/lib, to ka cakuɗa tsoho da sabo.

Gyaran bai kai minti biyu ba. Ƙirƙiri fayil a cikin /etc/ld.so.conf.d, ka ba shi sunan da ka ga dama muddin ya ƙare da .conf, ka rubuta /usr/local/lib a ciki, sannan sudo ldconfig. Tabbatar da ldconfig -p | grep libwx. Masu Ubuntu ma da wannan saƙo ke damunsu, galibi ldconfig ɗin ne ba su gudanar ba bayan make install.

Za ka ji masu cewa ka sa LD_LIBRARY_PATH kawai. Don gwaji na yarda, zai nuna maka nan take ko matsalar ta hanya ce. Amma ban son a zuba shi cikin .bashrc, fayil ɗin da ake karantawa duk lokacin da ka buɗe terminal, a manta, domin yana shiga gaban rajista ga kowace manhaja da ka buɗe daga nan, ga shi sudo yana share shi, sai abu ya yi aiki da sunanka ya ƙi yi da sudo, ka rasa dalili.

Ni a ganina ma, in babu abin da ya tilasta maka, cire --use_syswx ɗin. In ba ka sa shi ba, wxPython yakan harhaɗa nasa wxWidgets da ya zo da shi, ya ajiye a foldarsa, ya dasa hanya mai $ORIGIN, wato "duba nan kusa da ni". Harhaɗawar za ta ɗauki lokaci, ka tanadi haƙuri, amma ba ruwanka da rajista. Kana iya ganin hanyar da aka dasa da readelf -d.

In duk ka yi wannan bai tashi ba, rubuta LD_DEBUG=libs python -c "import wx". Rubutu zai kwararo da yawa, amma a ciki ld.so zai nuna kowace folda da ya leƙa da fayil ɗin da ya gwada. Turo mini layukan da sunan libwx ya fito, tare da abin da ldd ya nuna.