Amsa ga Hajiya kan bushewar fata

Hajiya, kin ce fatarki na yin fari-fari tana ƙaiƙayi tun shigowar hunturu, kina tambayar abin da za ki ci. Fata mai take so. Ki yawaita amane da sauran kifi mai maiƙo, ga su nan a kasuwar Aboabo, ko busasshe ma ya yi. Miyar kontomire (ganyen mankani) da manja tana ba da bitamin A, amma kar manjan ya ƙone har ya yi fari. Gyaɗa da fiya ma suna da bitamin E.

Abinci ba ya aiki dare ɗaya, don haka ki shafa man kaɗanya bayan wanka, jiki da danshi. In kuma akwai yawan ƙishirwa da fitsari, je ki gwada suga.