Ku Tambayi Injiniya: Wa Ke Sauraron Wayarmu, Wa Ke Sayar Masa Da Kayan Aikin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12. Kwanakin baya 'yan bindiga suka tare motar da ta ɗauko mana kaya daga Aliero, suka yi daji da direba. Da layi ɗaya suka yi ta kiranmu har muka haɗa kuɗin fansa. Wani ya ce da mun ba shi naira dubu 150 da ya kai mu wurin masu tirakin. A majalisarmu kuma gardama ta ƙi ƙarewa: wasu sun ce gwamnati na jin duk abin da muke faɗa a waya, wasu sun ce ƙarya ne, da tana ji da tuni ta kama su. Ina gaskiyar take? Kuma a ina suke samo na'urorin?
Daga mai albasa, Mile 12

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar muku da alheri.

Kowane ɓangare a majalisarku ya kama wani abu. Babu ɗakin da aka zuba ma'aikata suna sauraron hirar kowa; layukan waya a Najeriya sun wuce miliyan 150, kunnuwa nawa za a tara? Amma idan aka ga dama a saurari naka layin, hanya a buɗe take, domin tun wajen shimfiɗa sabis ake barin ƙofar hukuma a cikin injinan kamfanin waya. Ba mu muka fara ba. Amurka ta wajabta wa kamfanoninta haka tun 1994. Mu kuma a 2019 hukumar sadarwa ta NCC ta fitar da ƙa'idojin tatsar sadarwa bisa doka.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin hirar waya, shi ya sa ƙa'idar ta ce sai alƙali ya ba da waranti. Ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro da hukumar DSS su ne kan gaba wajen nema, dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ta buɗe wa sauran jami'an tsaro hanyar zuwa gaban alƙali. Idan rai na cikin haɗari ana iya fara saurare, a nemi warantin cikin awa 48. Kuɗin kafa na'urorin a wuyan kamfanin waya yake. Kamfani kuwa ba ya da gona, daga katin da ni da kai muke sawa yake cirewa.

Sai dai Alhaji, muryarka ba ita ce hajar da aka fi nema ba. Na yi shekaru ina aikin ƙarafunan sabis a Legas, na san abin da ke rubuce duk lokacin da ka danna kira: lambar da ka kira, ƙarfe nawa, daƙiƙa nawa kuka yi, lambar jikin wayar da ake cewa IMEI, da ƙarfen sabis ɗin da ya ɗauki kiran. Doka ta ce a ajiye irin waɗannan bayanai shekara 2. Wanda ya samu na wata uku kacal ya san ka kwana a Agege, ka yi asubanci zuwa kasuwa, wa kake kira bayan isha'i, da ranar da ka sauya layi amma ka bar waya. Ga shi tun Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN. Wannan shi ne yawancin abin da ake kira tirakin.

A Ikeja ko Obalende ƙarafuna a cushe suke, ana iya cewa mutum yana wannan unguwa, har a matso kusa da layin gidansu. A daji ƙarfe ɗaya na iya ɗaukar kilomita da yawa, sannan layin ɓarawo sau da yawa da sunan wani bawan Allah aka yi masa rajista. Ko an gane wurin ma, saura mota da mai da mazajen da za su shiga. A nan ake yawan tsayawa, ba a wajen na'ura ba.

Kasuwar kuwa babba ce, tana da bajekolinta mai suna ISS World da ake yi a Dubai da Prague da wasu birane, ba kowa ake bari ya shiga ba. Akwai masu sayar wa kamfanonin waya kayan ƙofar nan, irin su Utimaco na Jamus da SS8 na Amurka. Akwai masu na'urar zazzage wayar da aka ƙwace, irin Cellebrite na Isra'ila. Sai masu kutse kai tsaye cikin waya, wanda ya fi suna shi ne NSO mai manhajar Pegasus, da Amurka ta sa a baƙin littafinta a 2021.

Najeriya tsohuwar kwastoma ce. A 2013 jaridar Premium Times ta bankaɗo kwangilar dala miliyan 40 da gwamnatin Jonathan ta ba kamfanin Elbit na Isra'ila don sa ido kan intanet. A 2015 da aka yi wa Hacking Team, kamfanin Italiya mai sayar da manhajar leƙen asiri, kutse, sunan gwamnatin jihar Bayelsa ya fito cikin masu sayen kayansu. A 2020 masu bincike na Citizen Lab a Kanada suka sa Najeriya cikin ƙasashe 25 da ake ganin suna amfani da kayan Circles, wani kamfanin leƙen asirin waya. A ƙarin kasafin kuɗin 2021 aka ware wa hukumar leƙen asiri ta NIA sama da naira biliyan 4.8 don tatsar WhatsApp da wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Me gwamnatin jiha za ta yi da irin wannan kaya, alhali ba ta cikin masu neman waranti? Kuma ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta ruwaito a 2020 yadda 'yan sanda suka yi amfani da bayanan kira wajen kamo 'yan jarida. Ɗan jarida dai ya kamu. Direbanku kuwa sai da kuka biya. Ban ce a rufe ƙofar ba, akwai mutanen da aka ceto ta dalilinta. Amma ana yin komai a rufe, ba a sanar da wanda aka saurara ko bayan an gama, to wa zai tabbatar an je gaban alƙalin? Ƙofar ma ba ta san mai gida ba: a Girka tsakanin 2004 da 2005 wasu suka bi ta cikinta a kamfanin Vodafone suka yi ta sauraron wayoyi kusan 100, har da ta firaminista.

Maganar dubu 150, gara da ba ku bayar ba. Ko dai ɗan damfara ne, ko kuma mai leƙa bayanan jama'a ta bayan gida yana sayarwa, wanda gobe zai sayar da naka ga wanda ya san ranar da kake ɗauko kuɗin albasa. Idan Allah ya sa haka ta sake faruwa, ku kai ƙara a rubuce, ku rubuta lambar da lokacin kowane kira, kada ku goge komai, ku sa shugabannin kasuwa su bi maganar tare da lauya.

TAMBAYA: Injiniya, wani yaro ya ce in ba shi dubu 30 zai sa in riƙa ganin saƙonnin WhatsApp na maigidana a wayata. Zai yiwu?
Daga wata uwargida, Idi-Araba

AMSA: Hajiya, riƙe kuɗinki. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga waya zuwa waya, kamfanin layi ma ba ya iya karanta su, shi ya sa gwamnatoci ke kashe biliyoyi a kai. Abin da yaron zai yi bai wuce ya ce ki ɗauko wayar maigidan a ɓoye ya haɗa ta da wata na'ura ba. Wannan laifi ne a dokar 2015, kuma maigidan na buɗe jerin na'urorin da ke haɗe da WhatsApp ɗinsa zai gani. Yaron kuma shi zai fara karanta sirrin gidanku kafin ke, har da hotunan 'ya'yanki da saƙon banki.